Silin cocin zinari da ya rufto a Salvador: wa ke da alhakin gyaran tsofaffin majami'un Brazil?

Ranar Laraba, 5 ga Fabrairu 2025, da rana tsaka, wani ɓangare na silin cocin São Francisco da ke tsohon garin Salvador, babban birnin jihar Bahia ta Brazil, ya rufto a kan masu ziyara. Wata matashiya 'yar shekara 26 da ta zo yawon buɗe ido daga jihar São Paulo ta rasu, mutum biyar suka ji rauni. Wannan coci shi ne wanda mutanen garin ke kira cocin zinari, saboda ginshiƙansa da bangonsa na ciki an lulluɓe su da sassaƙen katako mai ruwan zinari tun daga ƙasa har sama.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai ya fito ne bayan haɗarin. Ranar Litinin, kwana biyu kafin ruftawar, shugaban 'yan zuhudun da ke kula da wurin ya rubuta wa hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa, IPHAN, cewa sun ga silin ya buɗe, yana neman a zo a duba. Hukumar ta sa ranar Alhamis. Silin bai kai Alhamis ba. Daga nan kowane ɓangare ya fara nuna wa ɗan'uwansa yatsa, 'yan sandan tarayya suka buɗe bincike, aka bi wasu tsofaffin majami'un garin da dubawa har aka rufe wasu daga ciki. Tambayar da ta rage a bakin jama'a ita ce: gini da duniya ta san da shi, wanda ke cikin yankin da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya tun 1985, na wane ne, kuma aljihun wa ya kamata ya gyara shi?

Coci daban, gidan zuhudu daban

Kafin a shiga gardamar, akwai bambancin da ya kamata a fahimta. Ba duk cocin Katolika ne ke ƙarƙashin bishop kai tsaye ba. Akwai na unguwa, wanda bishop ke tura fada ya riƙe. Akwai na ƙungiyoyin 'yan zuhudu, wato maza ko mata da suka yi alkawarin barin aure da dukiya, suka zauna gida ɗaya ƙarƙashin ƙa'idar wanda ya kafa ƙungiyarsu. Gidan zuhudu yakan haɗa ɗakunan kwana, ɗakin karatu, wurin cin abinci da tsakar gida mai baranda zagaye, cocin kuma a manne da shi. Sai kuma na uku, cocin da ƙungiyar mabiya suka gina da kuɗinsu, ba fada ba, ba 'yan zuhudu ba, attajirai ne ko masu sana'a ko bayi da suka haɗa kai ƙarƙashin sunan wani waliyyi.

São Francisco na cikin kashi na biyu: mallakin 'yan zuhudu mabiya waliyyi Francis na Assisi ne. A manne da shi akwai wani cocin mai fuskar dutse sassaƙaƙƙe, wanda baƙo zai ɗauka gini ɗaya ne, alhali na ƙungiyar mabiya ne, da nasu shugabanni da nasu asusu. Saboda haka idan aka ce "Cocin Katolika ya gyara kayansa", sai a tambaya wane daga ciki. A 'yan tituna kaɗan na tsohon Salvador akwai masu mallaka da yawa, kuma asusun wani ba ya biyan bashin wani.

Da kuɗin wa aka gina su

Turawan Fotugal sun kafa Salvador a 1549 ƙarƙashin gwamna Tomé de Sousa, kuma ita ce hedikwatar mulkinsu a Brazil har 1763, lokacin da aka mayar da ita Rio de Janeiro. A cikin jiragen da suka kawo gwamnan akwai 'yan ƙungiyar zuhudu ta Jesuit tare da shugabansu Manuel da Nóbrega. An ba garin bishop a 1551. Wasu ƙungiyoyin zuhudu suka biyo baya: 'yan Benedict sun kafa gidansu na São Bento a 1582, 'yan Karmel suka iso a 1586, mabiya Francis a 1587. A 1677 aka buɗe gidan Desterro, gidan zuhudun mata na farko a Brazil. Majami'u suka yi yawa har mutanen garin ke cewa suna da 365, kowace rana da nata.

Tsarin da ya ɗaure wannan duka ana ce masa padroado. Yarjejeniya ce tsakanin Paparoma da sarkin Fotugal: sarki ne ke karɓar ushirin coci daga talakawa, shi ke zaɓar waɗanda za a naɗa bishop, shi ke ba da izinin gina coci ko gidan zuhudu, shi kuma ke biyan limamai albashi. A taƙaice, coci wani sashe ne na gwamnati. Amma kuɗin sarki bai taɓa isa ya yi irin wannan ado ba. Wanda ya yi shi kuɗin rake ne da taba daga gonakin da ke kewaye da gaɓar Bahia, da zinarin da aka gano a Minas Gerais a shekarun 1690. Masu gonaki da manyan 'yan kasuwa suna gasa wajen ba da kyauta, suna barin wasiyyar a binne su a cikin coci kusa da bagadi, a riƙa yi musu addu'a shekara da shekaru, kuma kowace addu'a da farashinta. Ƙa'idar mabiya Francis ta hana su mallakar kuɗi, don haka wani amintacce daga cikin mabiya ne ke riƙe musu abin da aka ba su. Da irin wannan sadaka aka fara cocin da ke tsaye yau a 1708, aka gama ginin a 1723, aka ci gaba da ado shekaru da dama bayan haka. Tayil mai shuɗi da fari da ke zagaye da tsakar gidan daga Lisbon aka yi jigilarsa.

A ƙarƙashin raken da tabar da zinarin kuwa bayi ne daga Afirka. Su ke noma, su ke haƙa, su ke dakon dutse da katako zuwa kan tudun da aka gina garin. Wasu ƙungiyoyin zuhudu, irin su Jesuit da Benedict da Karmel, suna da gonaki da bayinsu na kansu. Sunan unguwar ma, Pelourinho, sunan ginshiƙin da ake ɗaure mutum ne a yi masa bulala a bainar jama'a. A gangaren wannan fili akwai coci mai shuɗin fenti, Rosário dos Pretos, wanda ƙungiyar baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, suka fara ginawa a 1704. Sun kusa cinye ƙarni guda suna aikin, domin sai a ɗan lokacin da suka samu bayan aikin iyayengiji suke zuwa, kuma da taro da sisin da suka tara suke sayen kaya. Har yau duk ranar Talata da yamma ana yin addu'a a can da ganguna.

Mai karatu Bahaushe yana da alaƙa da waɗannan tituna. Bayan ɓarkewar jihadi a 1804, an riƙa gangarawa da kamammun yaƙi zuwa bakin teku ana sayar da su, da yawa kuma Bahia aka kai su. Lokacin da suka isa an riga an gama yawancin manyan majami'un, sun dai zo sun tarar da su ne a tsaye, a garin da doka ta ce a yi wa kowane bawa baftisma. Hausawa ne suka shirya boren da aka tona a 1807, su ne kuma kan gaba a na 1814. A daren 24 zuwa wayewar 25 ga Janairu 1835, cikin watan azumi, Musulmin garin, yawancinsu Yarbawa tare da Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu a boren da ake kira na Malê. Sun zaɓi ranar ne saboda ta dace da wani bikin coci da zai ɗauke hankalin masu gari zuwa Bonfim, can bayan gari.

Yadda rijiyar ta ƙafe

Ginin ya zauna, amma duk abin da ke ciyar da shi ya tafi ɗaya bayan ɗaya. A 1759 gwamnatin Marquês de Pombal, babban ministan sarkin Fotugal, ta kori 'yan Jesuit daga duk ƙasashen Fotugal, cocinsu na filin Terreiro de Jesus shi ne ya zama babban cocin bishop na yau. Bayan shekara huɗu aka ɗauke hedikwata. Kuɗin jana'iza ma ya tafi, kuma ba cikin ruwan sanyi ba: a 1836, da aka ba wani kamfani ikon binne matattu shi kaɗai a sabuwar maƙabartar Campo Santo, ƙungiyoyin mabiya da jama'ar gari suka yi zuga suka rusa ta. Sun yi nasara a lokacin, amma annobar kwalara ta 1855 ta kawo ƙarshen binne mutane a cikin coci. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin sarkin Brazil, wadda ta riga ta rabu da Fotugal, ta hana gidajen zuhudu karɓar sababbin almajirai, tsofaffi suka riƙa mutuwa babu masu maye gurbinsu, har sai da aka kawo mabiya Francis daga Jamus a farkon shekarun 1890 suka farfaɗo da gidajen.

An haramta bauta a 1888. A Janairun 1890, sabuwar jamhuriya ta raba addini da gwamnati, ta soke padroado. A nan ne tushen matsalar yau yake: gwamnati ta daina biya, amma ba ta karɓe gine-ginen ba. Ta bar su a hannun masu su. Attajirai kuma suka fara ƙaura daga tsohon gari zuwa sababbin unguwanni, manyan gidajensu suka zama gidajen haya na talakawa, ɗaki ɗaya iyali ɗaya. Darajar tsohon gini ta faɗi har a 1933 aka rushe tsohon babban cocin garin, Sé, da yardar shugabannin coci, don a shimfiɗa layin taragon lantarki.

Yawan mabiya ma yana raguwa. Ƙidayar 2010 ta nuna kusan kashi 65 cikin ɗari na 'yan Brazil Katolika ne, ta 2022 ta nuna kashi 56.7, yayin da mabiya majami'un bishara suka kai kashi 26.9. Gidan da aka gina don 'yan zuhudu masu yawa, yau 'yan kaɗan ne a ciki, yawancinsu kuma sun manyanta.

Abin da doka ta ce

Shekara huɗu bayan rushe Sé, a 1937, Brazil ta kafa hukumar da yanzu ake kira IPHAN, ta kuma fitar da doka mai lamba 25. Dokar ta zo da abin da ake kira tombamento, wato a rubuta gini a littafin kayan tarihin ƙasa. An rubuta São Francisco a 1938. Rubutawar ba ta ƙwace mallaka. Mai gini yana nan a matsayin mai gini, sai dai an ɗaure masa hannu: sashe na 17 ya hana shi rushewa, ya kuma hana shi gyara ko fenti sai da izinin hukuma, in ya saɓa a ci shi tara.

Sashe na 19 shi ne inda gardamar take. Ya ɗora kula da gini a kan mai shi. Idan ba shi da hali, wajibi ne ya sanar da hukuma, in bai sanar ba a ci shi tarar ninki biyu na ɓarnar da ta auku. Idan ya sanar kuma hukuma ta ga aikin ya zama dole, to ta sa a yi shi da kuɗin gwamnatin tarayya, a fara cikin wata shida, ko kuma ta karɓe ginin ta biya diyya. Sashen ya ƙara da cewa idan hukuma ta ga abin na gaggawa ne, tana iya shiga ta yi aikin ko ba a sanar da ita ba. Kundin tsarin mulki na 1988 ya hana gwamnati tallafa wa addini, amma ya ɗora kare kayan tarihi a kan tarayya da jiha da ƙaramar hukuma gaba ɗaya. Yarjejeniyar da Brazil ta ƙulla da Fadar Vatican a 2008 ta amince cewa kayan tarihin coci na cikin gadon ƙasa, kuma ɓangarorin biyu za su haɗa hannu wajen kare su.

A takarda, babu ramin da aka bari. A aikace, kowace jimla tana jiran hukuncin wani: wa zai tabbatar cewa mai gini ba shi da hali, wa zai ce wannan tsagewar ta gaggawa ce, wa ke da ikon rufe ƙofa yau-yau kafin injiniya ya zo?

Hujjar kowane ɓangare

'Yan zuhudu suna cewa sun yi abin da doka ta nema, sun rubuta. Abin da ke shigo musu, ɗan kuɗin shiga da masu ziyara ke biya da baikon masu ibada, na wuta ne da ruwa da albashin ma'aikata. Gyaran silin na ƙarni na 18 kuwa aikin ƙwararru ne, sai an kafa katakan hawa har sama, a cire allo ɗaya-ɗaya a sa masa lamba, a kashe ƙwarin da ke ciki, a mayar da shi inda yake. Ko da kuɗi a hannu, ba su isa su kira kafinta daga kasuwa ba. Masu sukarsu kuma suna tambaya: wanda ya ga silin ya buɗe, me ya hana shi rufe ƙofa ko ya kange wurin da igiya? Wannan ba ya bukatar izinin kowa.

IPHAN tana cewa doka ta ɗora kulawar yau da kullum a kan mai gini, wasiƙar kuma ta bi hanyar da takardu ke bi ne, ba ta zo da alamar gaggawa ba. Tana nuna ayyukan da ta yi: gyaran babban cocin bishop da aka sake buɗewa a 2018, da gyaran tayil ɗin tsakar gidan São Francisco kansa da aka kammala a 2023. Masu sukarta suna cewa hukumar da ta daɗe tana shiga ginin ba ta bukatar wasiƙa kafin ta san halin da yake ciki, kuma sashe na 19 ya ba ta ikon shiga da kanta.

Akwai masu cewa kuɗin haraji bai kamata ya tafi gyaran wurin ibadar wata ɗariƙa ba, musamman a ƙasar da fiye da kashi huɗu cikin goma ba Katolika ba ne. Ana ba su amsa da cewa gwamnati da kanta ta ayyana ginin a matsayin na kowa ranar da ta hana mai shi taɓa shi, kuma jiha da birni suna cin moriyarsa, hotonsa ne a tallan yawon buɗe ido. Wasu 'yan gwagwarmayar baƙaƙen fata kuma ba kuɗin ne damuwarsu ba, labarin da ake bayarwa ne: a nuna wa baƙo zinari a faɗa masa sunan attajirin da ya biya, a yi shiru a kan wanda ya haƙo shi.

Idan aka auna hujjojin, akwai abin da kowa ya tsallake. Manyan shirye-shiryen gwamnati, irin na biranen tarihi da aka ƙaddamar a 2013 ga garuruwa 44, kuɗin babban gyara suke bayarwa, irin wanda ake yanke kintinkiri a ƙarshensa. Abin da ke kashe irin waɗannan gine-gine kuwa ƙarami ne kuma kullum yake aukuwa. Salvador gari ne na bakin teku mai zafi da laima da ruwan sama mai yawa. Tayil ɗin rufi ɗaya ya goce, ruwa ya riƙa ɗiga a kan katakon da ke riƙe da silin, gara ta samu wurin zama, ƙusa ta yi tsatsa. Daga ƙasa mai ziyara yana ganin zane mai kyau, ta sama katakon ya zama gari. Mutumin da zai hau rufi da tocila kafin damina da bayanta, ya share indararo, ya ƙwanƙwasa katako ya ji sautinsa, shi ne wanda babu kasafin da ya tanadar masa albashi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Faransa ta raba addini da gwamnati a 1905, amma gine-ginen da aka yi kafin lokacin suka zauna a hannun hukuma: manyan majami'un bishop na gwamnatin ƙasa, na unguwa na ƙananan hukumomi, coci kuma yana amfani da su. Shi ya sa da Notre-Dame, babbar majami'ar Paris, ta ƙone a Afrilun 2019 ba a tsaya tambayar mai ita ba, aka sake buɗe ta a Disambar 2024, ko da yake gudummawar jama'a ce ta biya aikin. Meziko ta mayar da dukiyar coci ta ƙasa tun 1859. Mallakar gwamnati tana kawar da ruɗanin alhaki, ba ta kawo kuɗi da kanta ba: ƙananan hukumomin karkarar Faransa da yawa suna fama da majami'un da suka fi ƙarfin kasafinsu, a Brazil ɗin ma gidan tarihi na ƙasa da ke Rio, wanda ke hannun jami'ar tarayya, ya ƙone a Satumbar 2018.

Abin da ya shafi mutanen unguwa

A filin da ke gaban São Francisco da kewayen Terreiro de Jesus, mata masu fararen kaya da ɗaurin kallabi suna zaune gaban kaskon manja suna suyar acarajé. Ƙosai ne, na wake, sai dai su tsaga shi su zuba masa yaji da jatan lande. Tare da su akwai masu yi wa baƙi jagora, masu sayar da zane da sarƙa, masu kiɗa, masu tasi, masu ƙananan gidajen abinci. Cinikinsu ya dogara ne da ƙafar da ke zuwa kallon majami'u. Duk cocin da aka rufe, motocin baƙi kan rage tsayawa a wannan kusurwa, kuma gyaran irin wannan gini shekaru yake ci. Masu ibada, yawanci tsofaffin da suka saba da wuri ɗaya tun ƙuruciya, sai su nemi wani cocin.

Tsaurara bincike yana nufin ƙarin rufewa kafin a ga ƙarin gyara, domin rufewa ba ta cin kuɗi. Inda masu gini suka rasa mafita, sukan ba da haya: wani ɓangare na gidan 'yan Karmel an mayar da shi otal na masu hali a shekarun 2000. Wannan yana gyara rufi, amma yana canza waɗanda ke iya shiga.

Mazauna unguwar suna da dalilin yin ɗari-ɗari da kalmar "gyara". A babban aikin sabunta Pelourinho da gwamnatin jihar ta fara a 1992 ƙarƙashin gwamna Antônio Carlos Magalhães, an yi wa gidaje fenti kala-kala, aka mayar da su shaguna da wuraren cin abinci, aka ba iyalai masu yawa 'yar diyya suka tashi zuwa gefen gari. Waɗanda suka ƙi tashi sun kafa ƙungiya, suka kai ƙara, har a 2005 aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba wasu iyalai damar zama. Yawancin waɗannan mutane jikokin bayin da aka kawo ne. A tsohon garin akwai gidajen zama da yawa da hukumar agajin gaggawa ta birnin ta daɗe da sa wa alamar haɗari, kuma da mutane a cikin wasunsu. Duk kuɗin da za a ware wa silin mai zane zai fito ne daga asusun da waɗannan gidaje ma ke jira.